Guggubin Giyar Baba Konrad

Nibaldo ne ya kashe yis ɗin giyar, kuma da kyakkyawar niyya ya kashe shi. Matarsa Erna tana kwance a asibiti a Osorno, an yi mata aiki a ƙugu, shi kuma yana gida yana kallon sanyi yana daskarar da ruwan bokiti. Sai ya tuna da kwalbar da ke cikin firjin rumfar dafa giya, tausayinta ya kama shi. A ƙasarsu duk abin da mutum yake so ya rayu, gefen murhun itace yake kai shi, ko ɗan rago ne ko tsohuwar kyanwa. Ya ɗauko kwalbar ya ajiye a can, har da lulluɓa mata hularsa. Ranar da Erna ta dawo tana dogara sanda ta buɗe murfin, warin da ya fito sai da ya kori karensu waje.

Ba irin yis ɗin da ake saya a leda ba ne. Kakanta ne ya fara rainonsa, ya bar wa mahaifinta Konrad. Duk dahuwa, sai a kwashi guggubin da ya kwanta a gindin tukunya a zuba wa ta gaba, haka aka yi ta yi tun kafin a kawo lantarki ƙauyen. Shi yake ba giyar gidan Brandau ƙamshin nunanniyar ayaba da kanumfari. In babu shi, abin da Erna za ta dafa ruwan sha'ir ne kawai, irin na kowa.

Mutum biyu ne a duniya suke da shi. Da Baba Konrad ya ji tafiya ta zo, ya raba kwalbarsa gida biyu, ya ba Erna rabi, ya ba ƙanenta Rolando rabi. Erna ta zauna a tsohuwar rumfa tana dafa wa maƙwabta. Rolando ya tafi Frutillar, bakin tafki, ya gina ƙaton gidan giya da abinci don matafiya, ya manna hoton fuskar ubansu a jikin kowace kwalba tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. A kan hoton nan suka ɓata. A gaban dangi ta ce masa, “Ka sayar da fuskar Baba, saura yis ɗinsa. Ranar da ka kashe naka, kada ka kuskura ka tako ƙofata.” Shekara goma ke nan ba su ko gaisa ba.

Yanzu nata ne ya mutu.

“Ki roƙe shi mana,” in ji Nibaldo, yana tuƙa tsohuwar akori-kurarsu a cikin ruwan sama. “Ƙanenki ne fa. Ciki ɗaya.”

“Kai dai ka kalli hanya, likitan yis.”

“Na ce ki yi haƙuri har bakina ya gaji.”

“Hularka ma ka sa masa, Nibaldo. Hula.”

Ya mai da ido kan hanya. Ta ƙara rungume jakarta. A ciki akwai 'yar kwalbar zuma da ta tafasa da asuba ta naɗe a tsumma mai tsabta. Dabarar ba wuya. Rolando ba ya tace giyar da ya sa wa sunan ubansu, saboda haka a gindin kowace kwalba akwai ɗan guggubi mai rai. Za su shiga kamar matafiya, su sayi kwalba ɗaya, ta juye guggubin a tata, su fito. In ta kai gida ta ba shi ruwan sha'ir mai zaƙi, zai farka. Lahadi ta zaɓa, don kowa ya san Rolando ba ya zama wurin aiki ranar Lahadi, yana can tsakiyar tafki da ƙugiyarsa.

“To wannan ba sata ba ce?” Nibaldo ya tambaya.

“Abin ubana ne.”

“In an kama mu, ni direba ne kawai. Ban san ki ba.”

Tafkin ya yi launin toka, dutsen da ke ƙetarensa ya ɓace cikin hadari. Wurin Rolando ya fi yadda take zato girma. Katako da gilashi ko'ina, manyan tukwanen ƙarfe suna sheƙi a bayan bango, famfunan giya a jere kamar na masallacin kasuwa. An cika maƙil. Ruwan sama ya koro kowa ciki, iyalai daga Santiago da yaransu, da 'yan yawon keke da jiƙaƙƙun rigunansu rataye a kujeru. Ko'ina ta juya, Baba Konrad ne yake kallonta, a kwalba, a bango, har a jikin rigar masu kai abinci.

Suka samu tebur a lungu. Erna ta ja gyalenta ya rufe rabin fuskarta.

Wata mace mai gajeren gashi ta zo, sunanta Yasna a rubuce a ƙirjinta. “Sannunku da ruwa. Me za a kawo?”

“Konrad ɗaya, ta kwalba,” in ji Erna. “Kada ki buɗe, kada ki girgiza. Ni zan zuba.”

“Ni kuma ƙafar alade da dankali da kabeji mai tsami,” in ji Nibaldo.

“Ba zama muka zo yi ba.”

“Wa ya taɓa ganin matafiyin da ba ya cin abinci? So kike a gane mu?”

Yasna ta yi murmushi, amma idonta ya ɗan daɗe a kan Erna kafin ta tafi.

Da kwalbar ta zo, Erna ta karkata ta a hankali, ta zuba har sai da ya rage ɗan farin abu a gindi. Ta duba hagu da dama, ta sa hannu a ƙarƙashin tebur, ta juye shi a kwalbar zumar, ta ɗaure murfin. Shi ke nan, an gama. Ta sauke numfashi, ta ɗauki tambulan ta kurɓa don kada a ga ta bar giya a banza.

Ta ajiye shi. Ta sake ɗauka ta shinshina.

“Lafiya?” in ji Nibaldo.

“Ɗanɗana.”

Ya kurɓa, ya lashi gashin baki. “Giya ce. Da daɗi.”

“Ina ayabar? Ina kanumfarin?”

“Wataƙila maganin asibiti ne ya kashe miki harshe.”

Ta so ta yarda da shi. Giyar ba ta da laifi, tsaf take, amma babu kowa a cikinta. Kamar ka shiga ɗakinku na yarinta ka tarar an mai da shi ofis. Tana cikin wannan tunani wata inuwa ta rufe teburin.

“Yasna ta ce min wai kwalba ta sauko daga kan kantar giya ta zauna a lungu, ta yafa gyale.”

Rolando ne. Ya yi tumbi, gashinsa ya zube, ƙasan idanunsa ya yi baƙi kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba.

“Hancin Baba ne ya tona ki, Yaya,” ya ce. “Yana jikin rigar kowa a nan.”

“Wucewa muke yi,” ta ce. “Ruwa ne ya tsayar da mu.”

“Wucewa zuwa ina? Gaba da nan sai tafki.”

“Na ɗauka kana kamun kifi.”

“Na daina.” Ya juya ga Nibaldo. “Suruki, har yanzu ba ta kashe ka ba?”

“Tana kan hanya, Mai Tumbi. A hankali take yi, don kada 'yan sanda su gane.”

Ta shirya wa gori. Ta shirya wa a nuna mata ƙofa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne idon Rolando ya ciko da ƙwalla. Ya sunkuya ya rungume ta da ƙarfi har ƙugunta ya amsa, ita kuma ta danne jakar da gwiwar hannu.

“Kin zo,” ya ce a kunnenta. “Da ƙafarki kika zo.”

Ya miƙe, idonsa ya faɗa kan kwalbar da ke teburin, sai ya fizge ta kamar ya ga kunama kusa da jariri. “Wa ya ba ki wannan? Ba wannan za ki sha ba. Yasna, ki ce wa Froilan ya fito da gangar da ke can ƙuryar ɗakin sanyi, mai jan ƙyalle.”

Yasna ta tsaya. “Maigida, wadda ka ce ko gobara ta tashi kada a taɓa?”

“Ita. Yau ranarta ce.”

A gidan akwai ƙararrawar tagulla rataye a saman kantar giya. In aka fasa ganga ta musamman sai a kaɗa ta, duk wanda ke zaune a ba shi tambulan kyauta. Rolando da kansa ya kaɗa, ya hau kan akwati ya faɗa wa ɗakin cewa ga yayarsa, 'yar wannan tsoho da suke gani a bango, wadda ta fi shi iya dafa giya nesa ba kusa ba. Aka yi tafi. Erna ta so ƙasa ta tsage. Wani tsoho dogo, mai takalmin roba har gwiwa, ya mirgino gangar ya haɗa ta da famfo. Shi ne Froilan, mai wankin ganguna. Tambulan suka fara yawo.

Rolando ya kawo nata da hannunsa ya zauna a gabanta.

Tun kafin ya kai bakinta ta ji. Ayaba, kanumfari, da wani ɗan ɗaci can baya da ba ta taɓa samun sunan da za ta kira shi ba. Ta ga rumfar, ta ga bayan ubanta yana juya muciya cikin tururi. Ta kurɓa, ta rufe ido.

Yis ɗin yana nan. Yana da rai. Wato kwalbar ta 'yan yawon buɗe ido ce, ta gasken kuwa ɓoye ta yake yi. Abin da ke cikin jakarta ke nan shara ne. Abin da take nema yana kwance a gindin gangar can, taku kaɗan daga inda take zaune.

“Yaya?” in ji Rolando. “Na ci?”

“Ba laifi. Ka cika gasa sha'ir ɗin.”

Ya yi dariya har da buga tebur. “Shekara goma, abin da na samu ke nan.”

Abinci ya zo, ya ƙi ƙarewa. Ɗanyen naman sa da aka niƙa da albasa da lemon tsami a kan burodi, ƙafar aladen Nibaldo, kifin tafki mai hayaƙi. Rolando yana ta zuba kamar famfon da ya lalace. Matarsa ta koma Temuco, 'yarsa ba ta ɗaga waya, gwiwarsa ta dama ta lalace. Ya tambayi ƙugunta. Ya tambayi bishiyar tuffar da ke bayan rumfa. Bai tambayi giyarta ba, ita ma ba ta kai maganar can ba.

Erna tana kallon famfon. Yasna sai ja take yi, tambulan bayan tambulan. Ta yi tunanin ta zubar da abin da ke kwalbar zumar ta juye na tambulanta a ciki, ko da giyar sama ba ta da yis sosai, amma idon Rolando bai bar fuskarta ba. Sai ta riƙa kurɓa don ta sami abin yi da bakinta, har ta ga gindin tambulan.

Nibaldo ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

“Mai Tumbi,” ya ce, “yayarka tana da magana.”

“Ba ni da wata magana.”

“Tana da ita. Tun da muka baro Rio Bueno take tauna ta.”

“Ci namanka.”

Kalmomin suna nan a maƙoshinta, ba su fi biyar ba. Amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta ji muryarta ta wancan lokaci, a gaban kawunnai da gwaggwanni, tana cewa kada ya tako ƙofarta. Kuma ga shi yanzun nan ya gama faɗa wa cikakken ɗaki cewa ta fi shi. Ta ce a ranta bari mutane su ragu. Bari a kawo kek. Bari ya tashi ya shiga bayi, ta lallaɓa wurin tsohon can mai takalmin roba ta roƙi cokali ɗaya, shi ba ɗan'uwanta ba ne.

Rolando bai tashi ba.

Can famfon ya yi tari, ya tofa kumfa. Mutanen da ke bakin kantar suka yi shewa. Froilan ya zo ya kwance gangar, ya mirgina ta ta ƙofar baya. Erna ta bi ta da ido har ƙofar ta rufe. Ba komai, ta gaya wa kanta, guggubin yana ciki, ba inda za shi.

Aka kawo kek na 'ya'yan itacen daji da kofi. Ɗakin ya fara raguwa. Rolando ya ture farantinsa, ya goge baki, ya kamo hannunta da hannayensa biyu. Fara'ar ta bar fuskarsa gaba ɗaya.

“Wa ya gaya miki?” ya tambaya.

“Ya gaya min me?”

“Kada ki sa in faɗa da bakina, Yaya. Na san labari ya kai miki. Masu kawo sha'ir ba sa riƙe magana. In ba haka ba, me zai kawo ki nan da sanda, cikin wannan ruwa?”

Erna ta kalli hannunta da ke cikin nasa.

“Tun farkon sanyi ne,” ya ci gaba, yana kallon tebur. “Wani abu ya shiga tukwanen. Dahuwa bayan dahuwa, duk ta yi tsami kamar ruwan kabeji. Na zubar, na sake, na zubar. Kafin in farga ya cinye yis ɗin duka, har wanda na ajiye a firji. Abin da kika sha a kwalba na leda ne, daga Santiago nake saya. Ina manna fuskar Baba a kansa. Kin faɗa, kuma ya faru.”

“Gangar nan fa?”

“Ita kaɗai ta rage daga dahuwar da ta gabaci tsamin. Na ɓoye ta, ina cewa in komai ya ƙi zan gwada tayar da shi daga gindinta. Tsoro ya hana ni. Dama ɗaya ce, in na ɓata shi ke nan. Na kama hanyar gidanki ya fi sau nawa, in kai mararraba in juyo.” Ya matse hannunta. “Da na gan ki zaune a nan, sai na ji an sauke min dutse. Na ce to, me zan ci gaba da ɓoye tsohuwar ganga, ga mai shi da ransa ta zo? Cokali biyu kawai, Yaya. Ba sai kin yafe min ba. Ni zan zo in ɗauka, in kin ce in tsaya a bakin titi zan tsaya.”

Nibaldo ya ajiye cokalinsa a hankali.

Erna ta zare hannunta. Ta buɗe jaka, ta warware tsumman, ta ɗora 'yar kwalbar zumar a tsakiyar tebur. Ɗan farin guggubi yana kwance a gindinta.

Fuskar Rolando ta yi haske. “Har kin taho da shi?”

“Naka ne. Na leda. Daga kwalbarka na sata ɗazu.”

Ya kalle ta, ya kalli kwalbar.

“Nawa ya mutu, Rolo. Ina asibiti.”

“Ni ne,” in ji Nibaldo. “Na kai shi gefen murhu. Na ga ana sanyi.”

Ba wanda ya yi dariya. Daga can bayan gini wani inji ya tashi da gurnani, bututu suka ɗauki ƙara. Erna ta ga jini ya bar fuskar ƙanenta.

“Mene ne wannan?” ta tambaya.

Kujerarsa ta kife, ya ruga da gurguwar gwiwarsa, ya ture wata mata mai ɗauke da yaro. Erna ta bi shi, sandarta tana zamewa a kan jiƙaƙƙen katako, Nibaldo yana riƙe da gwiwar hannunta. Suka ratsa kicin, suka ratsa tsakanin manyan tukwanen, suka faɗa wani ɗaki mai farin tayil da tururi ya cika.

Gangar tana kife a kan injin wanki, jan ƙyallen yana lilo a hannunta. Tafasasshen ruwa da soda suna kurɗawa cikinta, suna fitowa ta tiyo, suna bin kwata zuwa rariya.

“Kashe!” Rolando ya yi ihu. “Froilan, kashe shi!”

Tsohon ya danna maɓalli. Injin ya yi shiru. Ruwan ya ci gaba da tsiyaya, fari tas.

“Me na yi kuma?” in ji Froilan. “Maigida, kai ka ce tun da tsamin nan ya shigo, duk gangar da ta ƙare a wanke ta nan take. Ka ce wanda ya bar ta ta huce ya nemi wani aikin. Kan haka ka kori mutum biyu.”

“Tun yaushe take kai?”

“Zagaye na biyu ke nan. Na farko ya tafi da dattin.”

Rolando ya sauke gangar da hannunsa, ƙarfen ya ƙona shi, bai saki ba. Ya girgiza ta kusa da kunnensa. Erna ta durƙusa a bakin rariyar duk da ɗinkin da ke ƙugunta, ta sa yatsa a ramukan ƙarfen. Zafi, da santsin soda. Ta kai yatsan hancinta. Babu ƙamshin komai.

“Tiyon famfon,” ta ce. “Wanda giyar ta bi.”

“Shi nake fara wankewa, uwargida,” in ji Froilan. “Har an haɗa wata gangar.”

Rolando ya zauna a kan jiƙaƙƙen tayil ya jingina da bango. “Da kin faɗa,” ya ce, ba da faɗa ba. “Tun muna cin burodi da kin faɗa.”

“Kai ma da ka faɗa.”

“Ƙararrawa na kaɗa. Na hau kan akwati.”

Erna ta kama hannun Nibaldo ta miƙe. Sai ta tsaya cak. “Tambulan. An ba kowa. Dole wani ya rage.”

“Bakin mutane ya taɓa, Yaya. Yawu, maiƙo.”

“Ko kurɓi ɗaya ne. Zan tace, zan raine shi, ko shekara zai ɗauka. Tashi.”

Suka koma ɗakin cin abinci. Waɗanda suka rage a zaune suka ga abin da za su riƙa ba da labari in sun koma gida: mai gidan giya da rigarsa sharkaf, da tsohuwa mai sanda, suna bin tebur tebur suna ɗaga tambulan suna shinshinawa. Wannan baƙa ce. Wannan ta leda ce. Wannan lemo ne. Yasna ba ta da wasa da aiki, ta riga ta kwashe na ƙararrawar ta zuba a ruwan kumfa. A wani tebur Erna ta sami ɗaya mai ɗan saura, ta ɗaga da murna, sai ga guntun burodin da wani yaro ya jefa yana iyo a ciki tare da miyar tumatir. Ta tsaya tana kallonsa, har ta fara tunanin ko za a iya, Rolando ya karɓe ya ajiye.

“Can,” in ji Nibaldo.

A bakin taga, wani ɗan yawon keke mai jan gemu yana zaune shi kaɗai yana kallon ruwa. Irin masu jan abin sha ne, su yi ta lallaɓa shi. A gabansa akwai tambulan, da saura kamar faɗin yatsa biyu, launin zuma, da ɗan hazo a ciki.

Suka nufe shi tare. Erna ta ɗaga hannu, bakinta ya buɗe, numfashinta ya ƙi ba ta murya. Mutumin ya juyo, ya ga mai gida da yayarsa da aka yi wa tafi suna tahowa wurinsa musamman. Ya miƙe da ladabi, kamar yadda aka koya masa a gidansu, ya ɗaga tambulan sama.

“Lafiyar tsohon,” ya ce, yana nuna hoton bango. Ya kafa kai ya shanye, har da karkata shi don ɗigon ƙarshe.

Ya ajiye, ya goge gemu da bayan hannu.

“Na zaga ƙasar nan tun daga arewa, ban sha irinta ba,” ya ce. “Ana samunta a kwalba? Ina so in kai wa mahaifina.”

Yasna ce ta zo ta ja mutumin zuwa wurin kantar tana nuna masa kwalabe.

Erna ta ja kujerar da ya bari ta zauna. Rolando ya zauna a ɗayar. A waje ruwa yana dukan tafki, hasken yamma ya fara ja baya.

“Za ki ci gaba da dafawa?” ya tambaya bayan wani lokaci.

“Da me?”

“Ina da na leda da yawa. Ba shi da laifi. Mutane ba sa ganewa.”

“Ni zan gane.”

“Ni ma.”

Nibaldo ya zo ya tsaya a kansu da makullin mota a hannu. Ya ce hanya za ta yi santsi in duhu ya yi. Rolando ya ce akwai ɗaki a sama, babu mai kwana a ciki tun da matarsa ta tafi. Erna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tana zaune da harshenta manne a dasashi, tana riƙe da ɗan ɗanɗanon da ya rage a bakinta, tana jin yana raguwa. Da Yasna ta kawo mata ruwa, ta ture kofin gefe.